Godiya Bayan Mun Koma Gida

Alhamdu lillahi. Jiya muka kwana a ɗakinmu na unguwar Gwange a Maiduguri, karon farko tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ambaliya ta ci gari, wayewar garin Talata 10 ga Satumba, 2024. Bango bai gama bushewa ba, warin laka na nan, amma dai namu ne. Sauran labarin kun sani, ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Abu ɗaya na ɓoye muku. Tun da aka sauko da mu daga kan rufi autarmu ta daina magana. Shekararta biyar. Ba kuka, ba "Baba", ko ruwan buta ta ji an tsiyaya sai ta ƙanƙame uwarta. An yi tofi, likita ya ce a ba ta lokaci. Haka muka kwana shida a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, nan cikin Maiduguri.

Kusa da tabarmarmu akwai wata tsohuwa da ba ta tsira da komai ba sai zanen jikinta. Ta ce ta ga ambaliyar 1994, wannan ta fi. Bayan isha'i takan tara yara ta yi musu tatsuniya, har da waƙa da tafi. Ba zan yi ƙarya ba, haushi take ba ni. Ana cigiyar mutane, ana layin abinci, ke kina Gizo da Ƙoƙi? Dare na bakwai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Kafin sauran yara su amsa na ji 'yar murya a cinyata: "Ta zo mu ji ta." Na kifa kai, na kasa ɗagowa.

Iya, ki yafe mini. Ba ki da waya, amma wanda ya san ki ya karanta miki. Allah Ya gina miki gida a Aljanna, Ya jiƙan mahaifanki, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Mai shayin bakin layinmu ya ce kada in ambace shi. Na ƙi. Shi ya ɗauko mahaifiyata a baya, ruwa har ƙirji. Sojojin da suka kwashe mu, matan da suka girka suka aiko ba su san mu ba, Allah Ya saka, Ya tsare zuri'arku. Waɗanda suka rasu, Allah Ya ba su shahada.

'Yan'uwa na jini da har yau ba su samu sukunin kira ba, lambata ba ta canza ba.

Yarinya kam yanzu surutu har sai an ce ta yi shiru. Buta ce dai har yau ba ta yarda ta taɓa ba.