Abin da Kawu ya faɗa a wajen suna

Maganar Kawu ce ta hana ni barci satin nan. Ƙanwata ta turo saƙon murya, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa: wai a wajen sunan ɗan Yaya, a gaban jama'a, Kawu ya ce an tura ni ƙasar Sin karatun injiniya na ɓige da bautar gumaka. Hujjarsa hoto ɗaya da na ɗauka a ƙofar haikalin Shaolin na ɗora a WhatsApp, na haɗa dunƙulen dama da tafin hagu a ƙirji. Gaisuwar 'yan kungfu ce, a tsaye ake yin ta, ba ruku'u ba sujada.

A Zhengzhou nake karatu, babban birnin lardin Henan. In an yi hutu sai in hau bas zuwa Dengfeng, gindin dutsen Song, inda haikalin yake tun shekarar 495. Na mabiya Buddha ne, ban musa ba, amma ba a cikinsa nake horo ba. Garin cike yake da makarantun kungfu, wasu ɗalibansu dubbai ne. Tamu ƙarama ce, fili ne na siminti da buhunan naushi a rataye.

Da ma Kawu zai ga abin da muke yi a filin nan. Ina idar da sallar asuba sai gudu, a sanyin Janairu da ruwa ke daskarewa a bokiti. Sai a ɗora ƙafa a katanga a miƙe jijiya har hawaye ya zo. Daga nan sai mabu, tsayuwar mahayin doki: ka ware ƙafafu, ka sauka har cinya ta kwanta, baya a miƙe, dunƙule a ƙugu. Ba motsi. Minti biyu cinya ta fara rawa, malam kuwa yana zagayawa da tsumagiya yana taɓa gwiwar duk wanda ya ɗago. Watanni na yi a kan wannan da gongbu, tsayuwar baka, da sauran tsayuwa uku na wubuquan, salon tsayuwa biyar na masu farawa, tare da yara 'yan shekara tara, kafin ya yarda ya fara nuna mini xiaohongquan, wani salon kungfu na Shaolin. Naushi kuwa ya ce ba yanzu ba, wanda ƙafarsa ba ta kafu ba hannunsa banza ne.

Ban yi masa gardama ba, don na san maganar tun daga gida. Mu jikokin mahauta ne. Marigayi Baba ya ɗaure hannu a ƙuruciyarsa, Kawu da kansa ya sha raka shi fagen dambe bayan kaka. A dambe in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an kashe ka, komai ƙarfin damtsenka. Ranar da aka sa ni sanshou, wato karawa ta gaske mai naushi da shuri da kayarwa, abokin karawata ya cafke ƙafata zai ɗaga. Jikina da kansa ya sauke nauyi ƙasa, ya yi ya yi ya kasa, na juya ƙugu na kwantar da shi. Malam bai ce komai ba, kai kawai ya gyaɗa. Wallahi na ji daɗi ranar, na koma ɗaki ina neman wanda zan ba labari da Hausa, babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan sana'a Musulmi suna da gado a cikinta. Ranar Juma'a a masallacin Beida na Zhengzhou da 'yan ƙabilar Hui nake sahu, masu fararen huluna. Wani dattijo da ya ji ina zuwa Dengfeng ya ja ni gefe bayan sallah, ya nuna mini tantui, salon shuri mai layi goma da aka san Musulmin Sin da shi. Ya ba ni labarin salon chaquan na lardin Shandong, da salon xinyi liuhe wanda Ma Xueli, Musulmi mutumin Luoyang, ya yaɗa a cikin danginsu a ƙarni na 18. Dattijon ya haura saba'in, ƙafarsa na fita kamar bulala. Shi ya kai ni shagon taliya na halal ya biya mini.

Ba zan kira Kawu in yi musu da shi ba, shi ne a madadin Baba. Na ɗauki bidiyon dattijon nan da izininsa, hular da ƙofar masallacin duk sun fito, na tura wa Yaya na ce, "Don Allah Yaya ka kai masa da kanka, ka zauna har ya kalla."

Inna ce damuwata. Tana wajen aka yi maganar, a gaban facalolinta. Da na kira ta ba ta tayar da zancen ba, ta dai tambaye ni ko ina sallah a kan lokaci, ko ina samun abin ci, sannan ta koma kan ciwon gwiwarta da tsadar maganin. Na ce zan turo wani abu in an biya mu kuɗin tallafin karatu ƙarshen wata. Yaron kuma sunan Baba aka sa masa, har yanzu ba wanda ya turo mini hotonsa.