Injin yankan ciyawa da rani yake mutuwa, ba da damina ba

Ina kula da filin wata makarantar kuɗi a Yelwa, cikin garin Bauchi, kuma a kayan aikin da aka damƙa mini har da injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa. Na hannu ne, daga Amurka aka shigo da shi, injinsa Briggs & Stratton mai silinda ɗaya, da wuƙaƙe biyu a ƙasa masu share faɗin inci 42. Masu gyaran mota suka ce ba nasu ba ne, masu gyaran babur ma suka kauce. Wani mai gyaran janareto a wajen Wunti ne ya leƙa cikinsa ya ce, "Malam, ai janareto ne aka sa wa taya. In kana da sifana da haƙuri, kai ma ka iya." Tun daga nan ni ke gyara shi.

A wajenmu ciyawa daga Yuni zuwa Oktoba take tashi, sauran watannin injin yana ajiye, kuma a zaman nan yake lalacewa. Fetur ɗin da ya rage a kafireta zafin Maris da Afrilu yakan busar da shi, ya bar danƙo ya toshe ɗan ramin da mai ke bi. Ruwan farko ya sauka, ka murza makulli, injin ya yi tari ya mutu. Na kwance kafiretar, na wanke ramin, na hura masa iska, sannan na sa wa tiyon mai ƙaramin famfo irin na babur. Yanzu duk ranar da na gama yanka nakan rufe famfon in bar injin ya shanye abin da ke cikinsa har ya tsaya da kansa. Famfon yana da wani amfanin kuma: idan allurar kafireta ta daina rufewa sosai, fetur yakan sulale ya gauraya da baƙin mai. In ka zaro sandar awon mai ka ji warin fetur, kada ka tayar da shi sai ka juye.

Sai ɓeraye. Ɓera yakan yi sheƙa ƙarƙashin murfin injin, daidai kan haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. Injin nan ba shi da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, don haka sheƙa ɗaya ta isa ta ƙona shi. Kafin damina nakan cire murfin in share. Matatar iskarsa ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur yadda wasu ke yi wa soson janareto. A kakkaɓe ta a hankali, in ta yi baƙi a sauya. Baƙin mai SAE 30 nake zubawa, ina juyewa duk bayan awa 50 na aiki.

Abin da ya fi ba ni wahalar ganowa shi ne lokacin da sitata ya riƙa juyawa rabi yana cijewa. Kowa ya ce batir ne. Aka yi wa batirin caji, ya nuna volt 12 da ɗoriya, amma ba ta sauya zani ba. Ashe ratar bawul ce ta buɗe. Irin wannan injin yana da ɗan abin da ke sassauta matsin silinda lokacin tayarwa, kuma in ratar ta yi yawa ba ya aiki. Da injin a sanyaye na saita bawul na shigar mai kusan milimita 0.10, na fitar hayaƙi kusan 0.15. Murzawa ɗaya ya tashi.

Wuƙaƙe kuwa, ban taɓa kai hannu wajensu ba sai na zare wayar fulogi. Filinmu akwai tsakuwa, bakinsu kan dakushe da wuri, kuma dakusasshiyar wuƙa yagar ciyawa take yi, washegari ka ga kanta ya yi ja. Da magagari nake wasa su, in bi karkatar da aka ƙera su da ita. Bayan nan sai in rataye kowace a ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya shi ake ƙara gogewa, in ba haka ba girgiza za ta cinye boris.

Bel ɗinsa ya taɓa tsinkewa tsakiyar Agusta, ciyawa ta kai gwiwa. Na ɗauki tsohon zuwa wajen masu sayar da kayan injin niƙa, aka auna aka ba ni mai tsawonsa. Ya fitar da ni kunya, amma bai daɗe ba, domin na asali an saƙa shi ne don ya jure lanƙwasa ta baya da zamewa. Sai da na yi saƙo daga Kano. Tayoyin gaba kuma tsidau ya dame su da huji har na gaji, na sa mai faci ya zura musu tif.

Akwai wani maɓalli ƙarƙashin kujera da ke kashe injin da zarar direba ya tashi. An ba ni shawarar in haɗe wayoyinsa in huta, tunda wani lokaci shi ke hana tashi. Na goge tsatsar bakinsa na mayar da shi yadda yake, don filin nan yara ne ke guje-guje a kansa.