Godiya ga waɗanda suka yi haƙuri har aka sasanta

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Mu dattawan ikkilisiya da kwamitin sulhu muna miƙa godiya, bayan an rufe zaman sasantawa kan saɓanin da ya taso game da lissafin baiko, wato kuɗin da masu bi ke bayarwa a sujada.

Godiya ta farko ga waɗanda aka ɓata wa rai amma suka bi matakan Matiyu 18:15-17 a jere: ka sami ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in bai saurare ka ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, sai in abin ya gagara a kai gaban ikkilisiya. Mataki na farko ne aka fi tsallakewa, kuma daga nan ɓarna take farawa. Maganar da za ta mutu a bakin ƙofa tsakanin mutum biyu, da zarar ta shiga zauren WhatsApp ta sami magoya baya, shi kuma mai kuskure ya koma kare mutuncinsa. Mutum ɗaya ko biyun nan kuwa, a zaɓi waɗanda ɓangarorin biyu suka amince da su, kada kowa ya zo da nasa.

Mun gode wa masu bincike da suka riƙe 1 Timoti 5:19, ba a karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Sun kuma karanta aya ta 20, wadda ake yawan mantawa: in laifi ya tabbata, a tsawata a fili.

Da yawa sun tambaya ko gafara tana nufin a mayar wa mutum makullin ajiya nan take. A'a. Gafara ana yinta yau, amana kuwa sai an sake gina ta a hankali. Manzo Bulus kansa bai yarda ya riƙe gudummawa shi kaɗai ba, kamar yadda 2 Korantiyawa 8:18-21 ta nuna. Don haka daga yanzu mutum biyu za su ƙirga baiko a ɗaki ɗaya, su sa hannu a takarda ɗaya kafin su tashi, a kuma karanta rahoto kowane wata uku. Abin da ya shafi duka ko cin zarafin yara dai hukuma ake kai wa, ko da an yafe.

Godiya ta musamman ga waɗanda zuciyarsu ba ta huce ba tukuna amma ba su daina zuwa sujada ba. Mun gan ku a bencin baya, kuna shigowa bayan waƙar farko, kuna fita kafin gaisuwa. Zuwan nan ya riƙe zumunci fiye da yadda kuke zato. Ikkilisiyar farko ma ta yi gunaguni kan rabon abinci ga gwauraye mata, har aka zaɓi mutum bakwai su kula da aikin. Bulus da Barnaba sun rabu saboda Markus, daga baya Bulus ya aika a zo masa da Markus ɗin.

Waɗanda ba su dawo ba tukuna, dattijo ɗaya zai ziyarce ku in kun yarda. Ranar da kuka shigo, ba wanda zai ce ku miƙe ku yi bayani.