Kiwon kaji a lokacin hunturu

Ina kiwon kaji masu ƙwai a wajen garin Kano, kuma da iskar hunturu ta fara kaɗawa barcina raguwa yake yi, don lokacin murar tsuntsaye ke nan. Ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a cikin sanyi da ruwa da ɗanyen kashin kaji. A daidai lokacin ne kuma tsuntsayen ruwa daga Turai suke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da cutar a Najeriya, a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, ta kuma sake addabar mu a Kano a farkon 2015 da 2021.

Sababbin shiga sana'ar kan nemi fili kusa da fadama ko kududdufi saboda ruwa. Ni ba na ba da wannan shawara. Agwagin daji su yi kashi a ruwan, agwagin gida da zabin maƙwabta su sha, su zo suna kiwo a gindin katangarka. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da cutar tana yawonta garau. Ruwan burtsatse kaɗai kajina ke sha, tankin a rufe, tagogi da raga mai ƙananan ido.

Amma a ganina abin da ke shigowa ta ƙofa ya fi wanda ke sama haɗari. Motar dillalin ƙwai ta zaga gonaki tun safe, kiret ɗin takarda da ke cikinta ba ya wankuwa, ka duba za ka ga busasshen kashi da gashi a manne. Haka masu sayen taki don noman rani da tsofaffin buhunansu, haka masu ɗaukar tsofaffin kaji zuwa kasuwar 'yan kaji. Duk a waje muke ciniki. Wani ya ji haushi ya ce, "Alhaji, yau ni ne baƙo?" Sai in ba shi haƙuri, in miƙa masa ƙwan ta ƙofa. Yarana ma sai sun sauya takalmi sun taka ruwan magani, wanda kullum ake sake shi.

In kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, likitan dabbobi ake kira a kai samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, jihar Filato. In ta tabbata, kashe su ake yi duka a binne. Diyya kan yi jinkiri, shi ya sa wasu ke karyar da farashi su sayar cikin dare, cutar ta bi motar zuwa kasuwa.