Asabar a Jos: ɗakin karatun da ba ya jiran intanet

Sanyin safiyar yau irin na Jos ne, mai shiga ƙashi, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kan komai a ɗakin da makarantar unguwarmu ta ware wa kwamfuta. Aikin yau biyu ne: a tayar da ɗakin karatun kafin Litinin, sannan da yamma a saita wayar da maƙwabciyata ta saya wa yaranta. Abin da na tarar a kan tebur: tsohuwar laftof ɗaya, rauta ɗaya, tabulet 12, fawa-banki mai 20,000 mAh, filas, da katin memori uku.

Na fara da ƙura. Laftof ɗin da za ta yini a kunne, in ramukan fankarta sun toshe, zafi take ɗauka ta kashe kanta ana tsakiyar darasi. Busasshen buroshi mai laushi ya isa, sai a ɗora ta a kan katako biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. Daga nan na shiga saitin wuta na hana ta yin barci idan an rufe murfi. Wannan ƙaramin abu ne, amma in aka manta da shi, da zarar wani malami ya rufe murfin don ya kare ta daga ƙura, duk tabulet 12 za su tsaya cak.

Manhajar da na ɗora ita ce Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, kyauta ce, kuma tun asali an gina ta ne don wuraren da intanet ke wahala. Laftof ɗin ita ce uwa, darussa na cikinta. Rauta tana watsa waifai a cikin ɗakin, ba sim ba data, aikinta kawai ta haɗa na'urori da juna. Yaro zai buɗe burawuza a tabulet, ya rubuta adireshin laftof ɗin da 8080 a ƙarshe, sai shafin karatu ya buɗe masa kamar yana kan intanet.

Shugaban makaranta ya leƙo yana murza hannu saboda sanyi.

"Malam, ni fa kuɗin data nake tsoro. Wata nawa za mu iya?"

"Ranka ya daɗe, sau ɗaya za a sha data, ranar sauke darussa. Bayan nan ko sisi. In wata makaranta ta riga ta sauke, a filas ma za mu kwaso."

Ya yi hamdala ya tafi.

Wurin zaɓen darussa ne ake yawan kuskure. Mutum ya ga jerin tashoshi, wato rumbunan darussan da ake saukewa a Kolibri, sai ya so ya kwashe duka, alhali bidiyo na cin wuri, kuma tulin da babu mai jagora ba ya koyar da kowa. Uku na ɗauka, su ma ba duka ba. Daga Khan Academy, lissafin firamare kawai. Daga PhET, gwaje-gwajen kimiyya da lissafi na Jami'ar Kolorado da ke Amurka, waɗanda Carl Wieman ya assasa a 2002. Sai labaran yara na African Storybook, inda akwai na Hausa, don 'yan aji ɗaya da biyu su fara karatu da harshen da suke mafarki da shi. Darussan Khan Academy da Turancin Amurka suke, kuma jerinsu bai bi manhajar karatunmu daki-daki ba, don haka dole malamin aji ya zauna da tsarin aikinsa na zango, ya tsinto abin da ya dace da mako na uku, ya haɗa shi a matsayin darasi guda, ya tura wa ajinsa. Wanda ke da data kuma yana son abin da aka tsara a kan manhajar Najeriya, akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, kuma akwai darussan Hausa a ciki.

Wajen ƙarfe goma na haɗa tabulet na farko, shafi ya ƙi buɗewa. Abu uku ke jawo haka, kuma a jere ake bin su. Na farko, katangar tsaron Windows tana tare baƙi, sai an ba Kolibri izini a kan hanyar sadarwa ta cikin gida. Na biyu, wasu rautoci suna da saitin da ke hana na'urorin da ke kan waifai ɗaya ganin juna, an yi shi don otal da wuraren jama'a, a aji kuwa kashe shi ake yi. Na yau na farkon ne. Na ukun ya fi ɓoyewa, don sai gobe yake bayyana: duk lokacin da aka kashe rauta aka kunna, tana iya ba laftof sabon adireshi, sai wanda aka rubuta a allo ya zama banza. Maganinsa a shiga saitin rauta a keɓe wa laftof adireshi guda na dindindin. Na yi haka, na rubuta shi da maka a kwali na manna a bango, na kuma ajiye gajeriyar hanyarsa a fuskar kowane tabulet, don yaro ɗan shekara bakwai ba zai rubuta lambobi da ɗigo-ɗigo daidai ba.

Sunayen ɗalibai na shigar aji-aji, na kunna damar shiga ba kalmar sirri ga yara, na bar ta ga malamai. Amfanin kowane yaro ya shiga da sunansa shi ne malami yana ganin rahoto: wa ya gama, wa ya tsaya, wace tambaya ce ta kayar da rabin aji. In yara uku suna raba tabulet ɗaya da suna ɗaya, wannan rahoton ƙarya zai faɗa, gara a koya musu fita da shiga tun ranar farko.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta, abin ya zo daidai da gwajin da nake son yi. Batirin laftof ɗin yana riƙe kamar awa biyu. Rauta ce ba ta da batir, ita na haɗa da fawa-banki ta igiyar da ke ɗaga 5V zuwa 12V. Kafin a sayi irin wannan igiya a juya rauta a karanta abin da ke rubuce a gindinta, wata 9V take so, wata 12V, kuma bakin fulogin ba iri ɗaya ba ne. Lissafin kuwa: 20,000 mAh a kan 3.7V ya kama 74 Wh, wato wutar da za ta riƙe na'ura mai cin wat ɗaya har awa 74, amma wani kaso yana tafiya a zafi wajen canza ƙarfin wuta, don haka a ƙaddara kashi biyu cikin uku ne za a mora. Ƙaramar rauta mai cin wat biyar zuwa shida za ta kai tashin makaranta har da saura.

Katin memori ukun da aka sayo don tabulet, biyu lafiya, ɗaya na jabu ne. An rubuta 64GB, kwamfuta ma ta nuna 64GB, amma da na gwada shi da H2testw, wadda ke cika kati da bayanai sannan ta karanto su, abin da ya dawo lafiya bai kai 8GB ba. Irin wannan kati ba ya ƙin karɓar kaya. Yana ta karɓa, sai ranar da yaro ya buɗe bidiyo ya tarar ya lalace, a ɗora laifin a kan tabulet. Duk katin da za a saya, a gwada shi kafin a zuba masa komai.

Yara shida aka kira don gwaji. Wata 'yar aji huɗu, hijabinta a kan rigar sanyi, ta buɗe gwajin PhET na raba abu kashi-kashi, irin su ɗaya bisa huɗu. Da'ira ce a allo, tana ƙara lambar ƙasa tana ganin yankan na ƙaruwa suna ƙanƙancewa. Ta kai takwas, ta koma huɗu, ta sake komawa takwas, sannan ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Ke, ashe ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu ƙanƙanta." Malamin lissafi ya ce makonni yana faɗa a allo. Ba laifinsa ba ne, alli ba ya motsi. Abin da na roƙe shi shi ne bayan minti ashirin a kife tabulet a koma littafi, yarinyar ta zana da'irar da hannunta ta rubuta amsa, don jarrabawar da ke gabanta da biro ce.

Kafin a miƙa wa yara, na kunna maƙale manhaja da ke cikin saitin tsaro na Android, yadda burawuza za ta tsaya a allo ba fita sai da lambar sirri. Na kuma duba kwanan wata da agogon kowane tabulet, don wanda batirinsa ya mutu ƙurmus yakan koma wata tsohuwar shekara, ranar da aka haɗa shi da intanet kuma shafuka su ƙi buɗewa.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun tambaya ko za su yi atisayen JAMB a tabulet. Su yi don tambayoyin, amma hannu sai a kan kibod. Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, kuma ana iya amsawa da maɓallan A, B, C, D, a ci gaba da N a koma baya da P. Wanda bai taɓa zama gaban kibod da agogo na tafiya ba, minti goma na farko a rawar hannu suke ƙarewa. Na sa musu layi a laftof ɗin bayan an tashi.

Bayan la'asar na shiga gidan maƙwabciya. Waya ɗaya ce, yara uku.

"Malam, ga ta nan. Don karatu na saya, amma tun jiya wasa kawai nake ji."

"Hajiya, asusun wa ke ciki?"

Nata ne, kamar yadda na zata. Mai shago ya sa mata asusunta na Google, don haka wayar tana ɗaukar mai riƙe da ita babba ne. Muka kwashe hotuna, muka cire asusunta, muka buɗe wa babbar 'yar, mai shekara goma sha ɗaya, asusun yara ta Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, da ainihin shekarunta, Hajiya ta zama mai kula daga tata wayar. Yanzu ba a sauke manhaja sai ta amince. Muka sa awa ɗaya da rabi a ranakun makaranta, wayar ta kulle kanta ƙarfe tara na dare. Ƙamus da manhajar karatu muka sa su cikin waɗanda ba a ƙirga musu lokaci, don kada wasa ya cinye awar aikin gida. Ƙaramin ya samu Khan Academy Kids, ta 'yan shekara biyu zuwa takwas, muka sauke masa abin da zai buɗe ba data. Na ƙara Hausa a Gboard, wato kibod ɗin wayar, don su riƙa rubuta ɓ, ɗ da ƙ yadda ya kamata.

Sashen tsari shi ne ya fi muhimmanci a gidan nan, ko da yake ya fi komai arha. Yaran suna boko da safe, Islamiyya da yamma, abin da ke wahalar da su mantuwa ce: littafin da aka bari, aikin gidan da aka tuna da shi a bakin ƙofar aji. Na ɗauki hoton jadawalin kowane yaro na haɗa su hoto guda, na mai da shi fuskar wayar. Sai ƙararrawa biyu masu maimaituwa, kowace da sunanta: bakwai da rabi "aikin gida", takwas da rabi "shirya jaka". Da gangan na yi su a agogon wayar, ban yi a kalanda ba, domin wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, tunatarwar kalanda ta makara ko ta ɓace, ƙararrawar agogo kuwa tana bugawa ko ba data. Saƙon malamai a zauren WhatsApp na iyaye yana nutsewa cikin gaisuwa da addu'o'i, don haka na nuna wa Hajiya ta riƙa sa wa na aikin gida tauraro, yarinyar kuma ta kwafe shi da hannu a ƙaramin littafi, ta soke idan ta gama.

Don haddar kalmomin Turanci na sa wa babbar AnkiDroid. Katuna ne, tambaya a gaba amsa a baya, wanda ta sani sai ya yi nisa kafin ya dawo, wanda ta manta ya dawo da wuri. Manhajar tana zuwa da sababbin katuna 20 a rana, na rage zuwa biyar, don kowane sabon kati bashi ne da zai riƙa dawowa, in suka taru yaro ya gudu. Ita za ta rubuta katunan daga littafin ajinta, mun yi goma tare kafin magariba.

Wurin kwanan wayar ɗakin Hajiya ne, a jikin caja. Ƙarfe takwas da rabi na jiyo ƙararrawar ta katanga, da muryar Hajiya tana kiran yaran su kawo jakar Islamiyya. Saura ranar Litinin in sa wa kowane tabulet lamba a baya, in mayar da katin jabun, in zauna da malaman aji uku da huɗu mu haɗa darussan makon.