Makarantar gwamnati ce fa, Yaya

Ranar Lahadin da ta wuce muna waya da Yayana na Kano, yana ta mitar kuɗin makarantar yaransa da aka sake ƙarawa wannan zangon, sai kawai ya juyo kaina, wai "kai kuma ɗan Amurka nawa kake biya wa naka? Na san dai da dala ne, Allah ya rufa asiri." Na ce Yaya ko sisi, makarantar gwamnati suke zuwa. Ya yi shiru har na ɗauka netwok ne ya ɗauke, can ya ce, "Duk wahalar da ka sha ka tsallaka, ka rasa inda za ka kai 'ya'yan mutane sai LEA?"

Na yi dariya sosai, amma daga baya na ga ai ban faɗa masa gaskiya duka ba. Ina biya. Biya ma mai zafi. Kawai dai ba a hannun hedimasta ake ba da kuɗin ba, a jikin gidan da nake ciki ake yanka, kuma ko kana da ɗa ko ba ka da shi sai an yanka.

Garin da muke sunansa Frisco, a jihar Texas, arewa da Dallas, tafiyar kamar minti 40 in hanya ba cunkoso. Makarantun gwamnatin nan ba na jiha ba ne kai tsaye, ba kuma na ciyaman ɗin gari ba. Wata hukuma ce daban mai cin gashin kanta, gundumar makarantu, sunanta Frisco ISD, tana da iyakarta a taswira, tana da wakilai bakwai da mutanen yankin ke zaɓa da ƙuri'a kuma ba a biyansu albashi, sannan tana da ikon sa haraji a kan kowane gida da shago da fili da ke cikin iyakar. Texas ba ta karɓar harajin albashi, to a nan ake fanshewa, kuma in takardar harajin gida ta zo ƙarshen shekara kason makaranta ne ya fi kowanne girma.

Iyakar nan kuwa ba ta bin iyakar gari, abin da ya kusa kayar da ni ke nan lokacin da muka zo. Wani dillali ya nuna mana gidan haya mai kyau, adireshi Frisco ɓaro-ɓaro, har na ɗauko biro, sai maman yara ta ce Abban yara tsaya tukuna, wace makaranta gidan yake bi? Da muka duba ashe wata gunduma ce daban. Akwai unguwannin Frisco da ke ƙarƙashin gundumar Prosper ko Lewisville ko Little Elm, akwai kuma unguwannin Plano da McKinney da suke cikin Frisco ISD. Layi ɗaya zai iya raba ka da makarantar da kake hange daga tagar ɗakinka. Shi ya sa a nan ba a tambayar gida ɗaki nawa ne sai an fara tambayar makaranta.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara tona tarihin wurin shi ne yadda jiya-jiyan nan ƙauye ne. Asalin mutanen suna wani ɗan gari ne da ake kira Lebanon, a kan tudu, bakin tsohuwar hanyar da ake koro shanu. A 1902 aka shimfiɗo layin dogo, jirgin lokacin kuma mai tururi ne, sai ya sha ruwa a hanya, tudun Lebanon ya yi tsawo, sai aka sa tashar shan ruwan a kwari, yamma da garin. Mutane suka ga ai kasuwa ta koma can, suka bi ta, wasu ma gidajensu na katako suka ɗora a kan gungume suka jawo. An fara sa wa sabon wurin suna Emerson, gidan waya suka ce a'a, ya yi kama da sunan wani gari a jihar, sai aka ɗauki laƙabin kamfanin jirgin, mai suna St. Louis-San Francisco, wanda kowa ke ce wa Frisco. Auduga suke nomawa da hatsi, haka aka yi ta tafiya kusan shekara 90. A ƙidayar 1990 mutanen garin duka wajen 6,000 ne. Wallahi akwai unguwa a Kano da layi biyu za su tara wannan.

Daga nan abin ya ɓalle. Dallas ta yi ta tunkuɗo mutane arewa, Plano ta cika, aka miƙo babbar hanyar nan ta biyan kuɗi, aka buɗe katafaren kantin Stonebriar a 2000, kamfanoni suka yi ta kwararowa yankin, har Toyota ta dawo da hedikwatarta ta Arewacin Amurka Plano a 2017. Ƙidayar 2000 ta samu mutum 33,714 a Frisco, ta 2010 ta samu 116,989, ta 2020 kuma 200,509. Kuma masu zuwan ba tsofaffi ba ne, ma'aurata ne da goyo da na hannu. Gundumar da ɗalibanta ba su kai 2,000 ba a farkon shekarun 1990 sai ga ta da sama da 65,000, makarantu sama da 70. Akwai shekarun da ake samun ƙarin yara dubu uku a shekara ɗaya, wato kullum ana cikin gini, kana wucewa gona yau, baɗi ka ga bulo ja da tuta da motocin bas masu ruwan ɗorawa sun yi layi.

To a nan ne suka yanke wata shawara da ni a ganina ita ce ta mai da Frisco abin da take. Maƙwabtanmu na Allen da yara suka yi yawa sai suka ce sakandare ɗaya tal za su riƙe, su yi ta faɗaɗa ta, yau ɗalibanta sun haura 5,000, a 2012 suka buɗe mata filin wasa na dala miliyan 60 mai cin mutum 18,000. Mutanen Frisco suka ce su ba haka ba, kowace sakandare ta tsaya wajen yara 2,100, in ta cika a gina wata. Dalilinsu kuwa mai sauƙi ne, makaranta ɗaya tim ɗaya gare ta, kyaftin ɗaya, shugaban ɗalibai ɗaya, in yara dubu biyar ne ke rububin gurbin nan yawancinsu 'yan kallo za su zama. In makarantu goma ne, gurbi goma ne. Sannan malami zai iya sanin sunan yaro.

Har 2003 sakandare ɗaya ce a garin, Frisco High. A shekarar aka buɗe Centennial, sai Wakeland da Liberty, sai Heritage a 2009, Lone Star a 2010, Independence a 2014, Reedy a 2015, Lebanon Trail a 2016, aka yi ta yi har Panther Creek a 2022, ita ce ta 12. Sakandare 11 cikin shekara 20. Sunayen ma in ka lura tarihin garin ne, ga Lebanon ɗin da aka watse aka bari, ga Emerson da gidan waya ya ƙi, an dawo da shi a goshin wata sakandare a 2021, Wakeland da Reedy kuma tsoffin shugabannin gundumar ne, shi Rick Reedy shi ya riƙe ta daga 1997 zuwa 2013, lokacin da ruwan ya fi ƙarfi.

Da wane kuɗi? Bashi. Gunduma za ta zo ta ce muna son mu ciyo bashin kaza mu gina makarantu kaza, a biya a hankali daga harajin gidajenku, kun yarda? A je akwati. A 2006 suka amince da dala miliyan 798, a 2014 miliyan 775, a 2018 miliyan 691. Muddin sabbin gidaje na tsirowa lissafin yana tafiya, sabon gida sabon mai biyan haraji, makaranta mai kyau kuma tana ɗaga darajar gida, kowa ya ci riba. Nakan tuna bayan gari a gida, irin su Rijiyar Zaki da Danbare, yadda gidaje ke riga komai zuwa, sai wani ya mai da gidansa mai ɗaki huɗu makarantar kuɗi ya rataya allo. Nan kuwa gundumar kan sayi fili tun ana kiwon shanu a wurin, ta ajiye, tana jiran yaran da ba a ma haifa ba.

Amma kar a ɗauka kullum "to" ake ce musu. Kuɗin gini daban, kuɗin albashin malamai da wuta da man bas daban, doka ba ta yarda a haɗa ba. A watan Agustan 2016 suka nemi ƙarin santi 13 a kan kowace dala 100 ta darajar gida don gudanarwa, mutane suka ce ba su yarda ba. Sakamakon, makarantu huɗu sababbi fil, har da sakandaren Memorial, aka rufe su da kwaɗo shekara guda ba a buɗe ba, sai 2018, don ba kuɗin ɗaukar ma'aikata. Ina wucewa ta gaban ɗaya a lokacin, ciyawa a gyare, fitilu na aiki, ba yaro ko ɗaya. Kuma a wannan 2016 ɗin ne aka buɗe Ford Center, filin wasa mai rufi na mutum 12,000 da gundumar ta zuba wa dala miliyan 30, inda 'yan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Dallas Cowboys ke atisaye, yaran sakandare kuma su buga wasanninsu na daren Juma'a a ciki. Ka ga mai ƙin ƙarin haraji ya samu abin nunawa da yatsa, ko da an ce masa aljihun daban ne.

Ga kuma dokar jiha ta 1993 da ake wa laƙabi da Robin Hood, wadda ke karɓar rara daga gundumomi masu gidaje masu tsada a taimaka wa marasa ƙarfi. Mutanen nan ba sa ƙaunarta ko kaɗan. Ni dai in aka fara zaginta a taro shiru nake yi, wanda ya yi firamare a ajin da rabinmu ke zaune a ƙasa ba shi da bakin cewa kar a raba.

Wani abin da na daɗe ban gane ba, jiha tana lissafa kuɗin da take bayarwa ne da yawan yaran da suka halarta kullum, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Shi ya sa in yaro bai je ba kafin azahar saƙo ya shigo wayarka. Ranar Sallah kuwa doka ta ba da uzuri, takarda kawai za ka rubuta, ba a sa masa fashi.

Zancen Sallah ya tuno min da 2017. Sakandaren Liberty ta daɗe da ware wani aji da yara Musulmi ke sallah a ciki, don da can ranar Juma'a sai su fita masallaci su rasa darasi. Sai ofishin babban lauyan jihar, Ken Paxton, ya aiko da wasiƙa yana tambayar ko ana fifita wani addini, labari ya cika gidajen talabijin. Gundumar ta mayar da amsa cewa ajin a buɗe yake ga kowane ɗalibi, kuma ba wanda ya tuntuɓe su kafin a kai maganar ga 'yan jarida. A makon nan duk inda 'yan uwa suka haɗu bayan Juma'a zancen ke nan. Garin manoman auduga ya canja fuska, yanzu yaran da iyayensu suka fito daga Asiya, yawanci Indiya, su ne rukuni mafi yawa a makarantun, ranar taron iyaye in ka shiga sai ka ji yaren Telugu na Indiya ta ko'ina, mu 'yan Afirka muna tsakiya muna gaisawa da ka.

Yanzu kuma ruwan ya fara janyewa, kuma abin dariyar shi ne nasarar ce ta jawo. Makarantu sun yi suna, gidaje suka yi tsada, matsakaicin gida ya haura rabin miliyan na dala, sabbin ma'aurata masu jarirai ba za su iya ba, sai su wuce gaba zuwa Prosper da Celina inda ake sare gonaki yanzu. Waɗanda suka sayi gida shekara 20 da suka wuce yaransu sun gama sun tafi jami'a, su kuma suna zaune daram ba inda za su. Masu fita daga aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, sun fi masu shiga ajin farko yawa. Plano, da ta riga mu shiga wannan hali, a 2024 ta yanke shawarar rufe makarantu huɗu. A watan Nuwamban shekarar Frisco ISD ta nemi bashin sama da dala biliyan ɗaya, yawanci don gyaran gine-ginen da suka fara tsufa, da ƙarin harajin gudanarwa, masu ƙuri'a suka watsar da duka. Gundumar da a da take rasa inda za ta zuba yara, yau ita ce ke buɗe ƙofa ga yaran da ke wajen iyakarta su zo su cike kujeru.

Ni na sa "e" a ƙuri'ar, ba don ina jin daɗin takardar harajin ba, auta tana aji uku, da sauran tafiya. Maƙwabcina wani dattijo Bature da ya zo unguwar tun ana jin kukan shanu, yaransa uku duk a nan suka gama, ya kafa allon "a'a" a gaban gidansa, ya ce min shi ya biya nasa. Ban yi masa musu ba, na ga dai lokacin da nasa ke aji uku wasu ne da ba su da yara suka biya.

Da na gama zayyana wa Yaya duk wannan sai ya ce in faɗa masa a naira, nawa ne harajin a shekara. Na buga a kalkuleta na faɗa masa. Ya yi salati ya ce gobe da sassafe zai je ya biya kuɗin zangon nan, har da na littattafai.