Yadda na koyi karanta jijiyoyin jini a maƙogwaro

Lokacin da nake koyon aikin kunne, hanci da maƙogwaro, in na zura na'urar leƙe ta hancin majiyyaci, malamina ba ya bari in fara neman ƙari. Yakan ce jijiyoyin jini zan fara kallo.

Dalilinsa tsohon bayani ne da wani likita mai suna Judah Folkman ya kawo a Amurka tun 1971: ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samo wa kansa jini. In ƙwayoyin tsakiyarsa suka rasa iskar oksijin, sai su saki wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa jijiyoyin da ke kusa su yi tsiro su nufo shi.

Wannan tsiron ne muke farauta. Akwai na'urorin da ke haska shuɗi da kore kaɗai, hasken da jini ke shanyewa, sai jijiyoyin su fito raɗau. A lafiyayyen tantanin murya, siraran jijiyoyi ne kwance a tsawonsa, kamar kunyoyin gona. Inda ciwon daji ya fara kuwa, sai su miƙe su taso sama, su murɗe, ka gan su ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, wasu a kumbure, ba tsari. Na ga haka a maƙogwaron wani dattijo da ya daɗe yana shan taba, muryarsa ta dishe wata da watanni, alhali da farin haske wajen ɗan ja kawai ya yi. Aka yanko tsoka daga daidai ɗigon, gwaji ya tabbatar da cutar tun tana ƙarama.

Amma ido ba ya yanke hukunci. Tsiron da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa ma yana da jijiyoyi masu tasowa, farin tabon da kan fito a tantanin murya kuma yakan rufe su gaba ɗaya. Dole a kai tsoka ɗakin gwaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗannan sababbin jijiyoyin ba su da ƙarko. Suna yoyo, jini ba ya gudana daidai, shi ya sa tsakiyar babban ƙari ke zama cikin ƙarancin oksijin, kuma irin wannan wajen ya fi jure wa gashin na'ura, wato ƙona ƙari da hasken radiyeshan. Saboda haka gara a gano ƙari tun yana ƙarami: duk wanda muryarsa ta dishe fiye da mako uku, musamman mai shan taba ko giya, ba na sallamarsa sai na leƙa.